Sanarwa ga ƴan rukunin tekwando na Damagaram

Salamu alaikum ƴan uwa. Maganar kuskure ce a wurin horo, don wasu da zarar sun ɓata sai su tsaya cik suna kallon malam.

Taegeuk Il Jang, wato jerin motsi na farko da ake koya wa sabbin shiga, motsi 18 ne. In ka juya hagu maimakon dama, kada ka tsaya, ƙarasa shi. Bayan nan ka ɗauki motsin da ya kuɓuce maka shi kaɗai, sau 10 a hankali, kafin ka haɗa shi da na gabansa.

Inda ba wasa shi ne dollyo chagi, wato shurin da ake kawowa ta gefe tare da juya ƙugu. Sau da yawa ciwon gwiwa daga ƙafar da ke ƙasa yake: ƙugu ya juya, ita ba ta juya ba, sai gwiwa ta sha murɗa. Dafa bango, ɗaga gwiwa, juya a kan gaban tafin ƙafa har dunduniya ta fuskanci abokin karawa, sannan ka saki ƙafar da ka ɗaga. Ƙarfi sai daga baya.

Wanda ya gurɗe ya zauna. Ƙanƙara cikin tsumma minti 15, ba tausa a ranar. In ya kasa takawa, a kai shi asibiti.

Manya kuma, don Allah a daina yi wa sabbin shiga dariya. Ku ba yaro gyara ɗaya, sai ya kama shi ku ƙara wani.