Zuwa ga aminina a Fatakwal, kan hotunan takwarana

Badariya, Birnin Kebbi.

Assalamu alaikum, mutumina.

Bayan dubun gaisuwa, ya iyali, ya aiki, ya kuma zaman Fatakwal? Mu nan hazo ya lulluɓe gari, shagon ma sai na kakkaɓe ƙura safe da yamma kafin in ciro kyamara daga jaka.

Hotunan takwarana sun iso. Ka ce in faɗa maka gaskiya, to ga ta: yaro ya girma, Allah ya raya mana, amma hotunan ba su yi ba. Rabinsu dishi-dishi, sauran kuma ga shi ƙiƙam a jikin bango, ido ya ciko da ƙwalla, da gani tsawa aka daka masa. Ka ce laifin waya ne, wai sabuwa za ka saya. Adana kuɗinka, wadda ke hannunka ta isa. Matsalar ita ce kana son ɗan shekara biyu ya tsaya maka yadda muka riƙa tsaya wa mai hoto muna 'yan firamare, a jera mu gaban labule mai zanen bene, hannu a gefe, kada wanda ya motsa. Su masu hoton da suna da uzuri. Fim ɗaya hoto 24 ne ko 36, kowane da kuɗinsa, kuma sai an kai wanki ake ganin abin da ya fito. Kai kuwa ko ɗari ka ɗauka ka goge, ba ka yi asarar kobo ba. Don haka rabu da shi ya yi wasansa, kai ne za ka bi shi.

Dishi-dishin nan ƙarancin haske ne ya jawo. Na lura duk da dare ka ɗauka, a falo, ƙarƙashin ƙwan lantarki. Idan haske ya yi kaɗan, kyamara takan daɗe da ido buɗe don ta tara abin da zai ishe ta, kuma duk motsin da aka yi a wannan ɗan tsakanin sai ya fito kamar an shafe shi da hannu. Babba zai iya ƙamewa, yaro ba zai iya ba. Mu da manyan kyamarori muna saita ƙiftawar da kanmu: kashi ɗaya cikin 250 na daƙiƙa ga yaron da ke zaune yana wasa, ɗaya cikin 500 ko fiye ga mai gudu. Waya ita ke zaɓar wa kanta, kuma ba ta yin sauri sai ta ƙoshi da haske. Saboda haka kai shi bakin ƙofa ko taga da hantsi, hasken ya faɗo masa a fuska, kai ka juya wa tagar baya ko ka tsaya a gefenta. In a waje ne, ku nemi inuwa. Ranar tsaka ba ta yi wa kowa kyau a hoto, tana sa ido ya faɗa rami, yaro ya yi ta runtsewa. A nan ma cikin Afrilu, da zafi ke haura 40, wa zai fito da yaro a lokacin? Bayan La'asar ya fi. Ku kuma Allah ya ba ku gizagizai kusan rabin shekara, ranar da gari ya yi lumshi ba a ruwa, wannan ita ce ranar hoto.

Akwai wani abu da ke ɓata hotunan Sallah duk shekara. A sa wa yaro farar shadda, waya ta auna hasken rigar, fuska ta fito baƙi ƙirin. Taɓa fuskarsa a allon wayar kafin ka ɗauka, ka ɗan ja hasken sama. Ka kuma roƙar mini uwargida ta sassauta man shafawa ranar, goshin yana ƙyalli ya cinye hoton.

Sannan ka durƙusa. Na san ka da guga da son tsabtar wando, amma muddin kana tsaye, tsakiyar kansa da tayil ɗin falonka za ka yi ta ɗauka. Sauko daidai idonsa, in ta kama ka kwanta rub da ciki. Kada ka cusa masa wayar a fuska, hanci zai kumbura ya fi ƙarfin fuskar. Ja baya kaɗan. Nemi inda wayarka ke ɗauka a jere, wasu riƙe maɓallin ake yi, wasu jan sa gefe ko ƙasa, domin a cikin jerin nan ake tsintar mai kyau.

A shago babbar abokiyar gabata ita ce ƙiwa. Takan fara wajen wata takwas, wasu har su kusa shekara biyu ba su daina ba. In aka shigo da irin wannan ba na ko kallon kyamara. Hira nake da wanda ya kawo shi, in miƙa masa makullan babur ya yi ta jujjuyawa, sai ya manta da ni. Mai jin yunwa ko barci kuwa, a mayar da shi gida a dawo gobe. Kalmar "yi dariya" ba ta taɓa sa yaro dariya ba. Uwarsa ta tsaya bayanka ta yi masa wasan da ya saba. Mu nan har yanzu ina fama da masu kunyar ɗan fari, uwa ta rantse ba za ta shiga hoto da shi ba, sai kaka ko gwaggo ta riƙe. Ba na ja da su, al'ada ce, ko da yake ina ganin wata rana yaron zai nemi hotonsa da mahaifiyarsa ya rasa. Ku da kuke can ku kaɗai, ba mai sa muku ido, ku shiga ku uku.

Filashi kashe shi, yana firgita yara yana kuma baje fuska. Sai dai ka riƙe wannan da kyau: in ka ɗauka da shi ido ya fito ja, ba komai ba ne, hasken ne ya dawo daga cikin ido. Amma idan ƙwayar ido ɗaya tana fitowa fari fat ko rawaya, hoto bayan hoto, a kai shi wurin likitan ido ba tare da jinkiri ba. Yana iya zama yanar ido, yana iya zama wata irin sankarar ido da ta fi kama yara 'yan ƙasa da shekara biyar, wadda ake warkewa in an gano ta da wuri. Na duba na takwarana da kyau, lafiya lau suke.

Hoton wankan nan da ka ɗora a Facebook kuwa, don Allah cire shi. An ce mai ɗa wawa, na sani, amma abin da ya hau intanet ya fita hannunka, ba ka san wa zai kwafa ba, kuma yaron zai girma ya tarar da shi. Haka in ya shiga makaranta, kada bajen rigarsa ya fito. Ko ni ba na liƙa hoton ɗan kowa a ƙofar shago sai iyayensa sun yarda. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ma ta ce bayanan yaro sai da izinin iyaye ko mai riƙonsa. Inna dai nata tsoron kambun baka ne, kullum sai ta yi mini mita.

In ka samu masu kyau, turo ta WhatsApp a matsayin takarda, kada ka turo a matsayin hoto, don in ba haka ba manhajar za ta matse su, in an wanke su fito da tsaki-tsaki. Zan wanke babba ɗaya in sa a firem in kai wa Inna, tunda idonta ba ya ganin na waya. Ta ce in tambaye ka ko da ku za a yi babbar Sallah. In kun zo, za mu kai takwarana kallon hawa ƙofar fadar Sarkin Gwandu, ni da kyamara, kai da shi a wuya.

Ka gaida uwargida da kyau, ka shafa mini kan takwarana.

Naka har kullum,
amininka mai hoto.