Albashin wata ko haƙƙin zanena?

Assalamu alaikum Malam. Ina yi maka fatan alheri, kai da masu bibiyar wannan fili. Don Allah a sakaya sunana.

Sana'ata zanen hotunan littattafan yara ce, kuma zaman kaina nake yi. Yanzu wani kamfanin ɗab'i ya yi mini tayin aikin albashi, sai dai akwai sharaɗi guda a takardar yarjejeniyar da ya tsaya mini a rai: duk abin da na zana muddin ina ma'aikacinsu ya zama mallakarsu, har wanda na zana a gida bayan an tashi aiki.

Bari in fayyace yadda aikin yake, don ka ga inda gizo ke saƙar. Littafin yara mai hotuna yawanci shafi 32 ne, saboda a manyan takardu ake buga shi, a ninke su zuwa shafi 8 ko 16. In an cire shafin suna da na bayanin haƙƙin mallaka, abin da ke gaban mai zane kusan hoto 14 ne masu cin shafi bibbiyu, sai bango. Da siffanta jaruman labari ake farawa, sannan ƙananan zanen fensir masu nuna inda rubutu zai zauna, kuma sai edita ya amince ake sa launi. Wanda ya yi azarɓaɓin sa launi kafin nan ya jawo wa kansa aiki biyu, domin gyaran hannun yaro ɗaya kan sa a sake shafi sukutum. Dole hoton ya kai ɗigo 300 a kowane inci, a bar rarar milimita 3 a gefe saboda wuƙar yanka, a kuma juya launi daga RGB na allon kwamfuta zuwa CMYK na injin bugawa tun da wuri, in ba haka ba shuɗi da kore masu ƙyalli su fito a dushe. Littafi ɗaya kan ci wata uku zuwa shida.

Kuɗin aikin sau uku ake biya: ranar sa hannu, ranar amincewa da zanen fensir, da ranar miƙa aiki. Tsakanin na biyu da na uku ne ake jin jiki. Edita kan riƙe zane makonni ba amsa, kai kuma ba ka da damar karɓar wani babban aiki. Idan takarda ba ta ƙayyade gyara sau biyu ba, ba ta kuma faɗi abin da za a biya in an fasa littafin a tsakiya ba, mai zane ne ke kwana ciki. Kason ciniki kuwa, wanda yawanci bai wuce 5 cikin 100 ba, ba ya fara shigowa sai littafin ya mayar da kuɗin da aka ba ka tun farko, kuma da yawa ba sa kaiwa nan. Ga shi tun da manhajojin ƙirƙirar hoto daga rubutu suka yaɗu a 2022, ƙananan ayyukan da nake cike giɓi da su, irin su hoton talla, sun ja baya sosai.

Shi ya sa albashin ke jan hankalina. Amma a ƙarƙashin Yarjejeniyar Berne ta ƙasa da ƙasa kan haƙƙin mallaka, wadda aka fara ƙullawa a 1886, haƙƙin zane na mai shi ne ko bai yi rajista ba, tsawon rayuwarsa da aƙalla shekara 50 bayan rasuwarsa. Mai zaman kansa yana iya ba da izinin amfani da hoto na wasu shekaru, a harshe ɗaya, daga baya ya sake sayar da izinin ga masu fassara ko masu majigin yara. Wannan ne kaɗai jarin da mai zane ke tarawa, kuma shi sharaɗin zai cinye. Abin da aka zana a lokacin aiki da kayan kamfani, ban da ja a kansa. Na gida ne nake ganin an wuce gona da iri.

To Malam, in nemi a taƙaita sharaɗin ga ayyukan da kamfani ya sa ni kawai, a kuma rubuta jerin tsofaffin zanena a matsayin waɗanda ba su shiga ciki ba? Ta wace hanya zan ɗauko maganar ba tare da sun janye tayin ba? Idan kuma suka ƙi, ajiyar da nake da ita ta kuɗin buƙatun wata shida ta isa hujjar in ce na gode, ko kuwa in karɓi aikin na shekara biyu, in jingine littafina na kaina har in fita? Ƙarshen wata suke jiran amsata.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Naka,
Mai zane