Abin da na gani a Akra ranar ma'aikata

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ɗan ba ni fili in faɗi abin da idona ya gane mini a Gana. Bikin ɗan ƙanwata ne ya kai ni unguwar Nima a Akra, sai ranar 1 ga Mayun 2025 ta riske ni a can. Shekara talatin da biyar ina riƙe da alli kafin in yi ritaya, don haka da wani yaron gidan ya ce, "Baba, yau ma'aikata na maci a dandalin Black Star," ban tsaya wata-wata ba. Na sha koko da ƙosai, muka shiga motar haya da suke kira trotro.

Filin yana bakin teku, kusa da ƙofar nan mai baƙin tauraro da aka rubuta wa 1957, shekarar 'yancinsu. Ƙungiyar ƙwadago ta TUC ce ke shirya taron. Malaman makaranta, ma'aikatan jinya, 'yan tashar jirgin ruwa, kowane rukuni da irin rigarsa, ana busa ana kiɗa, suna wucewa ta gaban Shugaba John Mahama da kwalaye a sama, kowa da kukansa. Na tuna 1980, da gwamnatin Abubakar Rimi ta fara ba da hutun wannan rana a Kano, kafin tarayya ta bi sahu a 1981. Ina saurayi a lokacin, har hula na jefa sama.

Amma abin da ya tsaya mini a rai a kasuwar Makola na gan shi, bayan an watse. Na yi tsaraba, yadi da sabulu da man kaɗanya, sai wata yarinya da ba ta wuce sha shida ba ta ajiye ƙaton kwanon silba a gabana. Ta naɗe gammo, aka ɗora mata, har wuyanta na rawa. Kayayei ake ce musu, kuma "kaya" ɗin namu ne na Hausa. Yawancinsu daga arewacin ƙasar suke zuwa. Na ce, "'Yata, ke ba ki je biki ba?" Ta yi dariya cikin Hausarta ta zango: "Baba, in na je wa zai ba ni abinci?"

An ce mini a shekarar 2025 ɗin mafi ƙarancin albashi a can sidi 19.97 ne a yini. Ita ko wannan ba ya hawa kanta, kamar yadda naira 70,000 ɗinmu ba ta shafi mai tura baro a Singa ko ɗan dako a Dawanau ba.

Ina roƙon jaridarmu, in ranar ta zagayo, a tura wakili ɗaya filin taro, ɗaya kuma bakin kasuwa.

Naka,
Tsohon malamin firamare, Fagge, Kano