Wasiƙa Daga Kumasi Zuwa Gida Jos

Kumasi, ranar Litinin

Baba da Mama,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Yaya gida, yaya sanyin Jos, yaya ƙafar Kaka? Ina nan lafiya ƙalau, abokin aikina ma haka. Mama ta ce Auta ya fara maganar cike takardun mishan, wato fita wa'azi na ikilisiyarmu (The Church of Jesus Christ of Latter-day Saints, wadda mutane ke kira Mormon), kuma kuna so in rubuto yadda aikin yake dalla-dalla, tunda hirar waya ba ta isa. To ga shi. Ku ba shi ya karanta, in da hali sau biyu.

Auta, takardu ne farko. Namiji yana iya fita daga shekara 18, tun canjin da aka yi a 2012, in dai ya gama sakandare, kuma aikin wata 24 ne cur. Za ka zauna da bishof, sannan da shugaban da ke sama da shi. Akwai takardar likita, akwai ta likitan haƙori. Kada ka raina ta haƙorin. In akwai mai rami, a cike shi ko a cire tun a gida, domin ciwon haƙori yana zaunar da mutum biyu a ɗaki, kai da abokin aikinka. Ka nemi fasfo da wuri, da katin allurar shawara, wanda ba a shiga Ghana sai da shi. Abin da ya fi jawo jinkiri shi ne suna: a ga an rubuta shi iri ɗaya a fasfo, wani iri a takardar haihuwa. Ka jera takardun a tabarma, ka duba harafi da harafi. Wurin da za a tura ka kuwa ba kai ke zaɓa ba, a takardar kira za ka gan shi.

Mu na Afirka ta Yamma yawanci a Accra ake horar da mu, a makarantar 'yan mishan da ke gefen haikalin da aka keɓe a 2004. Da can a Tema take, aka dawo da ita Accra a 2017. Wanda zai yi aiki da Turanci wajen mako uku yake yi. Daga nan sai a haɗa ka da wanda ya riga ka fita, ya koya maka aiki na mako 12.

Ranarmu tana farawa ƙarfe 6:30. Addu'a, motsa jiki na minti 30, wanka, karin kumallo. Sai awa ɗaya na karatun Nassi kai kaɗai, sannan ku zauna ku biyu ku tsara yinin: wa za a gani, ƙarfe nawa, me za a koya masa, wane ɗan ikilisiya zai raka ku. Ana dawowa gida kafin 9 na dare, a kwanta kafin 10:30, kodayake shugaban mishan yana iya matsar da lokutan gwargwadon yanayin gari. Tsarin nan na safe shi ne ƙashin bayan aikin. Duk alkawari ɗaya ka ajiye masa na biyu a unguwa ɗaya, domin za ka je ka tarar mutum ya tafi kasuwar Kejetia, ko ruwa ya tsare shi. Wanda bai yi tanadin na biyu ba, sai ya ƙare yini yana yawo a rana, ya ƙone kuɗinsa a trotro, wato ƙaramar motar haya ta nan. Asabar kuma ranar jana'iza ce a ƙasar Asante. Unguwa guda sai ka ga rumfuna da kujeru, kowa cikin baƙin zane da ja. Mai hankali ba ya ɗora babban alkawari a yammacin Asabar.

Ana sauya mana wuri ko aboki duk mako shida, amma ba kowa ake ɗagawa ba. Wani sai ya yi wata shida a unguwa ɗaya. Shi ya sa rubuta bayanin mutanen da ake koyarwa ya zama amana. Gidaje da yawa ba a gane su da lamba. Idan ka rubuta suna kawai, wanda ya gaje ka ba zai taɓa samun gidan ba, mutumin kuma zai ɗauka an yar da shi. Sai ka rubuta: a sauka a tasha kaza, a bi bayan mai niƙa, gida na uku mai shuɗiyar ƙofa, ɗaki na ƙarshe, an fi samunsa bayan ƙarfe biyar.

Maganar aboki ita ce na fi so ka riƙe. Doka ta ce ku kasance inda za ku ga juna, ku ji juna, dare da rana, in ban da banɗaki. Ba kai ka zaɓe shi ba. Yana iya zama ɗan Kwango, ɗan Amurka, ɗan Tonga, ko ɗan Aba. Abin da ke ɓata tsakani ba koyarwa ba ce, ƙananan abubuwa ne: tukunyar da aka bari da ƙanzo, wanda ya cinye burodin wani, wanda ke katse ɗan'uwansa a gaban mutane. Zo mu zauna, zo mu saɓa. Don haka ne aka ware lokaci duk mako, bayan tsara aikin makon, ku faɗa wa juna abin da ke tafiya daidai da abin da ke ci maka rai. Ka faɗe shi a ranar, da murya ƙasa-ƙasa, abu ɗaya tak. In ka haɗiye, zai fito a gidan mutane, kuma mutane suna ganewa tun kafin ku buɗe baki.

Mama, ga batun lafiya, tunda na san nan hankalinki yake. Ana ba mu maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro mai suna doxycycline, ƙwaya ɗaya kullum. Ana shan ta bayan an ci abinci, da cikakken kofin ruwa, kuma ba a kwanciya sai an yi aƙalla rabin awa. Wanda ya haɗiye ta a bushe ya hau gado, tana iya maƙalewa ta ƙona masa maƙoshi, ya yi kwanaki haɗiyar yawu ma da ƙyar. Mu 'yan Najeriya mun fi kowa sakaci da ita, wai mun saba da sauro. Sabo ba rigakafi ba ne. Gidan sauro kuma a cusa gefensa ƙarƙashin katifa ta kowane ɓangare, a ɗinke duk ƙofar da ta ɓule. In jiki ya yi zafi, a kira ofishin mishan, a yi gwajin jini kafin a sha komai. Ruwan sha muna tace shi da matata a gida. In aka bar ta ba a canja abin cikinta a kan lokaci ba, gudawa ce ke biyo baya.

Kuɗin abinci da mota ana turo shi a ƙayyade, kuma yana isa in an raba shi. Ranar da ya shigo, a cire na mota da na gas, sauran a kasa shi mako-mako, kowane kashi a ambulan ɗinsa. Dafa wake da shinkafa a gida ya fi sayen abincin titi araha nesa ba kusa ba. Auta ya koyi miya biyu a hannunki kafin ya taso, da wankin farar riga. Jar ƙasar Kumasi tana kama wuyan riga. Sai an jiƙa da sabulu tun dare, a cuɗa da safe. Ya zo da riguna masu gajeren hannu, da takalmi ƙafa biyu masu kaurin ƙasa, yana musanya su, domin damina biyu ake yi a nan kuma takalmi ɗaya ba ya bushewa. In an kawo wuta a yi guga nan take, ba a jira safiya.

Mutanen nan masu karamci ne, kuma suna lura da ladabi. Ba a miƙa abu ko karɓa da hagu. In ka shiga taro, musabaha daga dama ake farawa. Fufu haɗiyewa ake yi, ba a tauna shi. In aka kawo shayi, sai a yi godiya a bayyana cewa ba ma sha, kamar yadda muke yi a gida, kada a bar mai gida ya ɗauka an raina kofinsa. Ko gaisuwa biyu ka iya da Twi, harshen mutanen nan, fuska tana sakewa. Tsofaffin ikilisiya suna sa ido sosai kan halin 'yan mishan a titi, kuma da dalili. A watan Yuni na 1989 gwamnatin Rawlings ta dakatar da ayyukan ikilisiyarmu, aka rufe ɗakunan sujada har ƙarshen Nuwamba na 1990, mutane suna sujada a ɗakunansu. Waɗanda suka ga wannan sun san tsadar suna mai kyau. Idan aka kira mu Mormon, mukan amsa da fara'a, sannan mu faɗi cikakken sunan ikilisiyar da ke jikin bajon ƙirjinmu, mai ɗauke da sunan Yesu Almasihu.

Baba, za ka ji daɗin wannan: Hausa tana da gida a Kumasi. A Aboabo da Asawase da sauran unguwannin zango, da ita ake ciniki. Koko da ƙosai da safe, tuwon zafi da rana, har shinkafa da waken da duk Ghana ke kira waakye, daga bakinmu sunan ya fito. Yawancin mutanen zango Musulmi ne. Mukan gaisa, mu tambayi iyali, mu sayi abinci, ba ma ƙwanƙwasa musu ƙofa da wa'azi, kuma lokacin salla mukan ba masallaci hanya. Duk wanda ya yi tambaya da kansa, sai mu fara tuntuɓar shugaban mishan, domin abin ya shafi danginsa da zamansa.

Baftisma ba a gaggawa da ita. Mutum zai ji darussa, ya zo sujadar Lahadi, ya fara riƙe abin da ya yi alkawari, sannan wani ɗan mishan da ba shi ya koyar da shi ba ya zauna da shi ya tabbatar ya fahimta. Wanda aka yi wa baftisma ba shi da aboki ko ɗaya a ikilisiya, sau da yawa ranar da aka ɗauke waɗanda suka koyar da shi, ranar zai fara ja da baya. Don haka muke nacewa ɗan ikilisiya ya zauna a darasi tun daga farko.

Litinin ce ranar wanki da cefane da kiran gida, har ƙarfe shida na yamma. Tun 2019 aka yarda mu kira duk mako. Agogon Ghana yana bayan naku da awa ɗaya, saboda haka in na ce ƙarfe biyu, uku ke nan a Jos. Mama ta sa wayar a caji tun safe. In an sami mai tahowa, a aiko mini da yajin ƙuli da kuka kaɗan, a ɗaure a leda biyu. Ku gaida Kaka, da Yaya da maigidanta, da bishof da dukan 'yan'uwa. Ubangiji ya tsare ku.

Ɗanku.