Rahoton ayyukan ƙungiyarmu ta masu kallon tseren mota a Italiya, kakar 2023

Assalamu alaikum 'yan uwa maza da mata. Baba ciyaman ya ce in rubuta rahoton bana in saka a gurup tun kafin ranar mitin, don kowa ya karanta a nitse, saboda in aka ce sai a zaure za a karanta rabin mutane agogo suke ta kallo za su tafi shif ɗin dare. Lissafin kuɗi yana wajen ma'aji, shi zai kawo nasa da rasit-rasit, ni nawa bayanin abun da muka yi ne da abun da muka gani.

Kamar yadda aka yanke tun farkon shekara, gasar da muka bi a 2023 ita ce Formula 4 (F4) ta Italiya, wadda hukumar tseren mota ta ƙasar, ACI Sport, ke shiryawa tare da kamfanin WSK. Sababbin mambobi da yawa sun shigo, musamman 'yan uwanmu na Zango da ke Brescia da Modena da 'yan Nijar na wajen Bergamo, don haka bari in ɗan maimaita. Wannan ita ce matakin farko da yaro ke hawa in ya bar ƙananan motocin kart, daga shekara 15 ake shiga. An fara ta a 2014, Lance Stroll ne ya fara cinye ta, Oliver Bearman ya ci a 2021, Andrea Kimi Antonelli ɗan Bologna ya ci a 2022 da nasara 13. Mota iri ɗaya ce kowa ke ja, Tatuus F4-T421, injin Abarth mai lita 1.4 da turbo, tayar Pirelli, ga wannan ƙarfen da ke zagaye kan direba da ake cewa halo. Tunda ƙarfen ɗaya ne, abun da ke raba su shi ne hannun yaron da kuma yadda makanikai suka saita masa motar. Wanda ya zo na ɗaya a tsere maki 25 ne, na biyu 18, na uku 15, kamar dai a F1, wato Formula 1 babbar gasar tseren mota ta duniya, kuma zakaran kaka yana samun maki 12 cikin 40 ɗin da ake buƙata kafin a ba mutum lasisin tuƙa F1.

Gaskiyar magana dai dalilin da ya sa aka yi ta ɗoki bana Ugo Ugochukwu ne. Yaron a New York aka haife shi a 2007, da tutar Amurka yake tsere, amma mahaifiyarsa 'yar Najeriya ce mahaifinsa ɗan Italiya, kuma McLaren, kulob ɗin F1, ta ɗauke shi tun 2021 yana ɗan shekara 13. A 2022 ya zo na uku a F4 ta Birtaniya, bana kuma Prema ta ba shi kaka cikakkiya, kulob ɗin tseren nan da ke Grisignano di Zocco kusa da Vicenza, wasunmu ma ta gefen garin suke wucewa in za su aiki. To ai kun san halinmu, tun kafin a tayar da inji wasu har sun ba shi kofi.

An buɗe kaka a Imola ƙarshen watan Afrilu, daidai da ƙaramar Sallah, shi ya sa fitar ta zama kamar yawon Sallah, mutane da kayan Sallarsu, mata sun zo da kuloli, yara ana ta kama hannunsu. Daga tasha da ƙafa muka taka har filin. Kafin tsere mun shiga lambun da ke cikin da'irar inda mutum-mutumin Ayrton Senna, shahararren direban F1 ɗan Brazil, yake, kusa da kwanar Tamburello inda ya yi hatsarin da ya zama ajalinsa a 1994, har yanzu tutocin Brazil na rataye a jikin waya. Abun da ya fi burge waɗanda ba su taɓa zuwa ba shi ne bayan fage inda tantunan kulob-kulob suke, a F1 ko a mafarki ba za ka kusanci wajen ba, nan kuwa kana tsaye makanike na durƙushe a gabanka yana auna iskar taya yana rubutawa a jikin tayar da farin alli, wani na goge ƙwarin da suka manne a fiffiken gaba, warin roba da mai duk ya cika wajen. In yaran suka cire hular kwano sai ka ga ashe ƙanana ne sosai, wasu ko gemu bai fito ba, sai Ugo da ya kere su tsawo kana hango shi daga nesa. Motoci sun yi yawa har sai da aka raba su rukuni-rukuni, kuma Ugo ya fara da nasara a nan, ihun da muka yi har Italiyawan da ke gefenmu suka juyo suna dariya.

Misano a watan Mayu da Spa ta Beljiyam a YouTube muka kalla, kyauta ake nunawa, mun taru a falon ɗaya daga cikin dattawanmu, Allah ya saka wa iyalinsa da suka yi ta ɗawainiyar shayi.

Tsakanin waɗannan biyun ne ambaliya ta faɗa wa Emilia-Romagna, yankin da Imola take. Kowa ya san abun da ya faru a tsakiyar Mayu, koguna suka ɓalle, Faenza da Forlì da Cesena da Lugo duk ruwa ya shiga, an rasa rayuka, aka soke tseren F1 na Imola gaba ɗaya. Mu kuma dama akwai 'yan kuɗin da aka ware don wannan F1 ɗin, kwamiti ya zauna ta waya aka juya su zuwa ga 'yan uwanmu da ruwa ya shiga gidajensu, katifa da firiji da takardu duk sun lalace. Samarinmu sun je da shebur da takalman roba sun kwashe laka, irin lakar nan mai nauyi da in ta bushe sai ta zama kamar siminti. An ga hoton direban F1 Yuki Tsunoda shi ma yana kwasar laka a Faenza, garin kulob ɗinsa na lokacin, AlphaTauri. A ganina wannan ne aiki mafi amfani da ƙungiyar nan ta yi a shekarar, kuma duk wanda ya yi ƙorafin ba a tambaye shi ba kafin a taɓa kuɗin, ya zo mitin ya faɗa a gaban kowa, a daina maganar a bayan fage.

Sai Monza ƙarshen Yuni, ana saura 'yan kwanaki babbar Sallah, zafi kamar me. Nan ne fitarmu mafi girma saboda kusa take da kowa, jirgin ƙasa daga Milan ba nisa, sai dai tafiyar ƙafa a cikin lambun da filin yake ciki ba wasa ba ce, dattawa sun ji jiki, badi sai mun tanadi mota. Mun zauna wajen kwanar farko, wadda ake taho mata da gudu a miƙaƙƙen titi sai kuma a danna birki a karya dama a karya hagu, motoci sama da talatin kowa na son ya riga shiga, shi ya sa ba a rasa fiffike a ƙasa da motar tsaro ta fito. Monza kilomita 5.793 ce kuma kusan duk miƙewa ce, don haka dabarar ita ce ka laɓe a bayan na gabanka ya yanka maka iska, kamar yadda ɗan acaɓa ke maƙalewa a bayan tirela, in kun kusa kwana sai ka fito ka wuce shi. Wanda ke gaba a nan shi ne a wahale. Duk da haka Arvid Lindblad, abokin Ugo a Prema, ɗan Birtaniya da ke makarantar matasan direbobi ta Red Bull, kulob ɗin F1, lokacin ko shekara 16 bai cika ba, ya cinye tsere ukun duka. Nasararsa ta kai 6 kenan a kakar, ga tazarar maki mai yawa.

To daga nan ne matsalarmu ta fara, kuma a kanta nake son in ɗan tsaya. A jirgin dawowa mutane suka fara cewa ai gasa ta ƙare, Lindblad ya ɗauka, Ugo sai badi, me za a ƙara kallo. Gurup ya yi tsit, kuɗin wata-wata ya ja baya, ranar Paul Ricard ta Faransa a watan Yuli falon da ake rasa wajen zama sai ga kujeru a banza. Na san akwai hutun Agusta, wasu sun tafi gida, wasu aikin gona da na sito ya riƙe su, wannan uzuri ne. Amma akwai waɗanda kawai don yaron da suke so ba ya kan gaba suka janye, kuma wallahi su suka yi asara, domin ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Lindblad bai sake cin tsere ko ɗaya ba bayan Monza. Wanda ya taso shi ne Kacper Sztuka ɗan Polan, na US Racing, kulob ɗin Jamus ne na Gerhard Ungar da Ralf Schumacher. Yaron ba sabo ba ne a gasar, ya san filayen, kuma shi ya ci Formula Winter Series, wata gasar hunturu ta motocin F4, a farkon shekara, amma da yake ba shi da wata babbar makarantar F1 a bayansa ba wanda ya damu da shi a cikinmu. Daga Paul Ricard ya kama wuta. A Mugello, filin Ferrari da ke cikin tsaunukan Toscana, 'yan kaɗan ɗin da muka je mun ga yadda ya cinye ukun duka, kuma filin nan ba ya ɓoye direba, kwanoni ne masu gudu ana hawa ana gangara, in ka ji tsoro ka ɗaga ƙafa agogo zai tona maka asiri. A Vallelunga kusa da Roma a watan Oktoba ya kammala aikin, ya ɗauki kofi da nasara 9. Ugo ya zo na biyu, Lindblad da ake ta rantsuwa a kansa ya ƙare na uku. Kofin kulob kuma Prema ce ta ɗauka.

Ugo kam bai tashi a banza ba, shi ya ci Euro 4, ƙaramar gasar da aka ƙirƙiro bana da irin motocin nan aka yi a Mugello da Monza da Barcelona. Ni a nawa ganin abun da ya kai shi na biyu a Italiya yawan tara maki ne ko ranar da motarsa ba ta fi ta kowa ba, wannan kuwa hali ne da ke kai direba nesa.

Akwai ranar baƙin ciki da ba zan tsallake ba. Ranar 1 ga Yuli Dilano van 't Hoff ɗan Holan, mai shekara 18, zakaran F4 ta Sifen a 2021, ya rasu a Spa a tseren Formula Regional cikin ruwan sama, filin da direban F2 Anthoine Hubert ya rasu a 2019. Formula Regional ita ce matakin da ke gaba da F4, kafin F3 da F2 da F1, inda yaran da muke kallo za su hau. Mun yi doguwar muhawara a gurup kan ko ya dace a saki yara cikin ruwan da ba sa ganin gabansu, iyaye mata sun fi kowa zafi a kai kuma ban ga laifinsu ba.

Ɓangaren yara, mun kai su kallon kart a Lonato kusa da Brescia, sannan aka biya musu na haya suka ɗan zagaya a wani ƙaramin fili. Sun ji daɗi sosai, 'yan matan ma sun fi wasu samarin natsuwa a kwana. Amma iyaye dan Allah kar mu yaudare su, kaka ɗaya a F4 ɗaruruwan dubban yuro take ci, ba kuɗin ma'aikacin kamfani ba ne. Ƙofar da ke buɗe mana ita ce ta makanikanci da injiniyanci, muna zaune a yankin da Ferrari take a Maranello, Lamborghini a Sant'Agata Bolognese, Ducati a Bologna, Dallara kusa da Parma, Tatuus ɗin kanta a wajen Milan take. Kowace mota ɗaya a F4 mutane nawa ne ke cin abinci a jikinta. Shi ya sa kwamiti ke ba da shawarar badi a nemi wani cikin 'yan uwa masu aiki a irin kamfanonin nan ya zauna da yaran da ke shirin zaɓen sakandare, ya yi musu bayanin makarantun fasaha.

Na badi, wato 2024, yaran bana duk sun haura. Lindblad ya tsallake kai tsaye zuwa F3 da Prema, Ugo zai yi Formula Regional shi ma da Prema, Sztuka kuma Red Bull ta ɗauke shi bayan ya ci kofi. Antonelli da ya ci Formula Regional a 2023 ya wuce F2. Don haka dole mitin ya yanke ko mu tsaya a F4 mu ga sababbin yara, ko mu bi Ugo sama. Ni ra'ayina mu tsaya a F4, tikiti ba tsada, ana shiga bayan fage, yawancin filayen jirgin ƙasa na kai mu, in an haɗa gasannin biyu a wuri ɗaya ranar sai mu ci riba biyu. Maganar tara kuɗi don F1 kuma a bar wa mai so ya sayi tikitinsa da aljihunsa.

Sauran abubuwan da za a tattauna su ne bashin kuɗin wata tun daga Yuli, motar dattawa, da wanda zai karɓi ɗawainiyar falon kallo don a sauƙaƙa wa gida ɗaya. Wanda ba zai samu zuwa ba ya turo ra'ayinsa a gurup kafin daren Juma'a, kuma dan Allah a rubuce, ba saƙon murya mai minti goma ba.

Naku, sakatare.