Sanarwa ga iyayen ƴan aji uku: aikin tatsuniya

Assalamu alaikum iyaye, barkanmu da warhaka.

Ranar Alhamis mai zuwa ƴan aji uku za su haɗa tatsuniya ɗaya tare. Ni zan buɗe da "Ga ta nan, ga ta nanku", in ɗora Gizo a hanyar kasuwa ba ko sisi a aljihunsa, sai in ja bakina. Rukunin farko ya ci gaba, na biyu ya karɓa daga inda aka tsaya, har a kai ga masu cewa "Ƙurunƙus".

Kowane rukuni zai ƙera mutanen ɓangarensa da hannu. Gizo da Ƙoƙi da Kura za a yanka su a kwali, a kafa su a kan karan dawa, irin wanda ake motar kara da shi, yaro ya riƙe yana magana da muryarsu. Na lura yaron da ba ya buɗe baki a aji, da zarar ya ɓuya a bayan Kura sai surutu ya ɓalle masa.

Don Allah a haɗo su da tsohon kwali, ƙyallayen tela, zare da kara biyu-biyu. Kada a sayi komai. Almakashi da gam muna da su, reza kuwa kada a ba yaro.

Roƙona ɗaya, kada a kitsa musu labarin a gida. Ko sun sa Gizo a Keke Napep, a ƙyale su.

Kakar da ke son zuwa sauraro, muna maraba da ita ƙarfe 11.

Na gode.
Malamar aji uku