Ba yawan megafiksel ke sa kyamarar sararin samaniya gani ba

Edita, assalamu alaikum.

Ni gyaran waya nake yi, kuma kusan kullum gardamar shago ɗaya ce, kyamarar wayata megafiksel 108 taka 50. Shi ya sa nake roƙon fili in ɗan yi magana a kan kyamarorin madubin hangen nesa na sararin samaniya, don wallahi ana raina aikin da sensa, wato ɓangaren kyamara mai kama haske, ke yi a can.

Kyamarar ACS da 'yan sama jannati suka ɗora wa madubin hangen nesa na Hubble a 2002 megafiksel 16 ce kacal fa, amma da ita aka ɗauki hoton nan da aka fitar a 2004, an bar ta tana kallon wani ɗan gurbi guda a sama har jimillar kwana 11, sai ga gungun taurari irin wanda ake kira galaksi kusan 10,000 sun fito. Abin da ake nema a can shi ne sensa ta kama ɗan hasken da ya kusa ƙarewa ba tare da ta zubar da shi ba ko ta ƙara nata datti.

Irin sensar ita ce CCD, wadda Willard Boyle da George Smith suka ƙirƙiro a 1969. Kowane fiksel, wato ɗan ɗigo guda na hoto, yana tara caji idan haske ya faɗa masa, sannan a riƙa miƙa shi hannu zuwa hannu kamar masu miƙa bulo a wajen gini har ya kai bakin da za a karanta. To a nan matsalar take, burbushin da ke yawo a sararin samaniya yana ta dukan sensar shekara da shekaru yana yi mata rauni, cajin sai ya riƙa maƙalewa a hanya, hoton tauraro ya fito da wutsiya, dole sai an gyara da lissafi a kwamfuta.

Ga kuma zafi, shi ma caji na ƙarya yake haifarwa. Na'urar ɗaukar hoto mai suna MIRI ta madubin hangen nesa na James Webb da aka harba ranar 25 ga Disamba 2021 sai da aka sanyaya ta zuwa wajen digiri 266 ƙasa da sifili a ma'aunin Celsius kafin ta iya aiki.

Don Allah in za ku buga irin waɗannan hotuna na sararin samaniya, ku riƙa rubuta a ƙasa wace kyamara ce ta ɗauka da kuma tsawon lokacin da ta yi tana kallo.

Naku,
mai karatu daga Zariya